Gwanintar Gano Lambar da Ba Ta Motsi

Kwano 4 na gero naira 6,000. Nawa ne kwano 7?

Jefa wannan tambaya ga mai awon da ta daɗe a bakin kasuwa, kafin ka rufe baki ta ce maka dubu goma da ɗari biyar. Ba biro, ba takarda, wata ma ko ƙofar makarantar boko ba ta taɓa takawa ba. In ka lallaɓe ta ta buɗe maka yadda ta yi, sai ka ji ta ce huɗu dubu shida ne, rabinsa biyu dubu uku, rabin biyu ɗaya, dubu ɗaya da ɗari biyar. Bakwai kuwa ai huɗu ne da biyu da ɗaya. Ta tara shida da uku da ɗaya da rabi, shi ke nan. Wannan aikin da ta gama cikin ƙiftawar ido shi ne ake rubuta wa ɗalibai a allo da sunan sauyi na kai-tsaye, shi ne kuma yake sa wasunsu gumi a ɗakin jarrabawar WAEC da NECO.

Abin da ta dogara da shi guda ne, ko da yake ba ta furta shi ba: kuɗi yana tafiya daidai gwargwadon awo. A ninka gero, kuɗi ya ninku. A raba gero biyu, kuɗi ya rabu biyu. Ba a auni komai ba, ba a biya komai ba. A ƙarƙashin duk wannan hawa da sauka akwai lamba ɗaya da take zaune daram, wato 1,500, kuɗin kwano guda. Raba 6,000 gida 4, ita ce. Raba 10,500 gida 7, ita ce. Ko tirela guda aka sauke a Dawanau, muddin farashin bai sauya ba, a raba kuɗin da yawan kwanukan, ita ɗin ce za ta sake fitowa. Duk gwanintar wannan fanni ta taru ne a iya hango wannan lambar, a kamo ta, a kuma san lokacin da babu ita sam.

Aljabara ta zo ta ba kowane abu harafi don magana ta gajarta. Abin da muke aunawa a kira shi x, abin da yake biye da shi a kira shi y, lambar da ba ta motsi kuma k. Sai dogon bayanin nan ya koma y = kx. Littattafan makaranta sukan fara da wata 'yar alama, su rubuta y ∝ x, ma'ana y yana sauyawa gwargwadon x, sannan su cire alamar su sa k a gurbinta. Ina jin daɗin wannan taƙaitawa ƙwarai. Haruffa uku ne kacal, amma sun ɗauki gero da fetur da yadi da ladan lebura da inuwar bishiya gaba ɗaya. Wanda ya iya na gero ya riga ya iya sauran, abin da ya rage masa ya gane haka.

Ga yadda tambayar takan zo a takardar jarrabawa, an tuɓe mata kayan kasuwa: y yana sauyawa kai-tsaye da x, kuma y = 18 a lokacin da x = 12; nemo y idan x = 30. Ɗalibin da ya ƙware ba ya yin gaggawar taɓa 30. Yakan fara rubuta y = kx. Sai ya ɗauki lambobi biyun da aka ba shi tare, 18 da 12, domin su ne kaɗai suke ɗauke da sirrin k. Ya sa su a gurabensu: 18 = k × 12. Ya raba kowane ɓangare da 12, k ta fito 18/12, wato 3/2, ko 1.5. Yanzu ƙa'idar ta zama tasa: y = 1.5x. Sai a lokacin ne zai waiwayi 30, ya ninka ta da 1.5, ya sami 45. Da za a juya masa tambayar a ce nemo x idan y = 60, ba sai ya koma farko ba; k tana hannunsa, 60 a raba da 1.5 ya ba shi 40. A nan ne hanyar makaranta ta ɗara lissafin ka. Wahala ɗaya ake sha, a sami mabuɗin tambaya ɗari.

Amma gwani na gaske bai ɗaure kansa da hanya guda ba. Yakan dubi lambobin tukuna, ya ga wace ƙofa ce a buɗe. A wannan tambayar yana iya lura cewa 12 da 30 duk shida-shida ne, ɗaya biyu ɗaya biyar. In shida biyu sun ba da 18, shida ɗaya 9 ke nan, shida biyar 45. Ko ya ce 30 ninki biyu da rabi ne na 12, don haka y ma ninki biyu da rabi na 18: 36 da 9, 45. Hanya uku, masauki ɗaya. Mai wayo yakan bi ɗaya don ya sami amsa, ya bi wata don ya tabbatar.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan darasi kuskure ne mai kama da hankali, shi ya sa yake da wuyar cirewa. Yaro zai ce daga 12 zuwa 30 an ƙara 18, to bari in ƙara wa y ma 18, ya rubuta 36. Ya ji an ce abubuwan biyu suna hawa tare, sai ya ɗauka taku ɗaya suke yi. Alhali abin da suke tarayya a kai ninki ne. Maganin wannan tunani a mayar da shi kasuwa: kwano 4 naira 6,000, an ƙara kwano 3, shin naira 3 za a ƙara? Yaron da ya taɓa ɗaukar talla nan take zai gane. Kuskure na biyu shi ne kifa k, a raba 12 da 18 maimakon 18 da 12, amsa ta fito 20. Gwani ko bai sake lissafi ba ya san 20 ba za ta yiwu ba, domin tun farko y ya fi x girma, kuma a wannan dangantaka wanda ya fi girma ba ya komawa ƙarami. Tunda x ya zama 30, dole y ya haura 30. Wannan ɗan tsayawa a tambayi amsa ko tana da hankali, shi nake ɗauka alamar farko ta wanda ya fahimci abin, ba haddace shi kawai ya yi ba.

Akwai kuma wata dabara mai kare mutum daga kifa k, wato kiran ta da cikakken sunanta. A zahiri k ba ta zuwa tsirara. Naira ce a kowane kwano, ko kilomita a kowace lita, ko buhu a kowace kadada. A ce direba ya lura motarsa ta sha lita 12 a tafiyar kilomita 150, ga shi kuma zai yi tafiyar kilomita 400. In ya raba 150 da 12 ya sami 12.5, wato kilomita goma sha biyu da rabi a kowace lita. Tambayarsa ita ce sau nawa 12.5 za ta shiga cikin 400, amsa 32. In kuma ya raba 12 da 150 ya sami 0.08, wato abin da motar take sha a kilomita guda. Wannan ninkawa za a yi da 400, amsa dai 32. Dukansu daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne ya ɗauki 12.5 ya ninka da 400, ya ce yana bukatar lita 5,000. Wanda yake faɗa wa kansa “kilomita a kowace lita” ba zai faɗa wannan rami ba, domin sunan da kansa yana nuna wanne ne a sama, wanne ne a ƙasa.

Wannan ilmi ya girmi haruffan da muke rubuta shi da su nesa ba kusa ba. A ƙasar Sin akwai tsohon littafin lissafi mai babi tara, wanda Liu Hui ya yi wa sharhi a shekarar 263. Babinsa na biyu galibinsa a kan musayar hatsi yake, kuma ma'aunin da ya fara da shi manomin gero zai gane shi: awo 50 na gero mai ƙaiƙayi daidai yake da awo 30 na surfaffe. Daga wannan sai a fitar da kowane adadi. A Indiya, Aryabhata ya rubuta dokar a shekarar 499 da sunan ƙa'idar abubuwa uku, domin uku ake ba ka, ka nemo na huɗu. Sunan ya bi duniya. Har yau da shi ake koyar da darasin a makarantun Nijar da sauran ƙasashe masu karatu da Faransanci.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, da ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa al-Ma'amun. Wajen shekarar 820 ya rubuta littafinsa na Aljabar wal Muƙabala, wanda fannin aljabara ya gaji sunansa. A cikinsa ya ware ɗan gajeren babi a kan mu'amaloli, inda ya nuna cewa saye da sayarwa da canji da ijara duk a kan lambobi huɗu suke juyawa, uku sanannu, ɗaya ake nema. Cikin misalansa har da ma'aikacin da ake biya dirhami 10 a wata, ya yi aikin kwana 6: ladansa dirhami 2. Babban malami a fadar halifa, amma bai ga ƙasƙanci ba ya zauna ya tsara yadda za a biya lebura hakkinsa cif. Leonardo na Pisa, wanda ake kira Fibonacci, ya koyi lissafin Larabawa a Bijaya ta ƙasar Aljeriya ta yau, inda mahaifinsa yake aiki da 'yan kasuwa, kuma littafinsa na 1202 ya cika da irin waɗannan tambayoyi na farashi da canjin kuɗi.

Inda abin ya fi ƙayatar da ni shi ne inuwa. A lokaci guda, a wuri guda, duk abin da yake tsaye ƙyam a ƙasa mai shimfiɗa yana jefa inuwa gwargwadon tsawonsa, saboda hasken rana da karkata ɗaya yake sauka a kansu duka. Ke nan da sanda da igiyar awo mutum zai iya auna abin da ba zai iya hawa ba. Kafa sanda mai tsawon mita 1.5, ka auna inuwarta, a ce ta kai mita 2. Tsawo a raba da inuwa ya ba da 0.75, k ke nan ta wannan lokaci. Yi maza ka auna inuwar giginyar da ke gefe. In ka sami mita 24, giginyar mita 18 ce. Hasumiyar babban masallacin Agadas, wadda aka gina da ƙasa, tsawonta mita 27 ne. A irin wannan lokaci inuwarta za ta miƙe mita 36. Ana ba da labarin cewa da irin wannan dabara Talis, masanin Girka, ya auna dalar Masar. Na ce a yi maza ne domin wannan k ɗin ta ɗan lokaci ce. Rana tana tafiya, tana tafiya da ita. Wanda ya auna sanda da hantsi ya auna bishiya bayan azahar ya haɗa lambobin da ba 'yan gida ɗaya ba.

Masu karatun fiƙihu sun daɗe da sanin wannan ta wata ƙofa. A mazhabar Malikiyya lokacin la'asar yana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da 'yar inuwar da ta rage masa a lokacin zawali. Lura da cewa hukuncin bai ce sanda mai kamu kaza ba. Sandar makiyayi, turken doki, ko tsayuwar mutum da kansa, duk za su nuna lokaci guda, domin inuwar zawalin da ƙarin da ake jira duk suna bin tsawon abin daidai gwargwado. Da ba haka ba, da dogo da gajere sun sha bamban a lokacin salla. Ladanin da yake taka inuwarsa yana ƙirga sawu, tun kafin agogo ya zama ruwan dare, a kan wannan ƙa'ida yake tsaye.

Akwai kuma k da ba ta san safiya ko maraice ba. Duk wani abu mai siffar da'ira, bakin ƙwarya ne ko bakin rijiya ko tayar keke, in aka raba kewayensa da faɗinsa lamba ɗaya ake samu, kusan 22/7. Maƙerin da zai lanƙwasa rodi ya zagaye bakin rijiya mai faɗin mita 1.4 zai yanki mita 4.4, ya ƙara ɗan abin haɗi. Ba farashi, ba ciniki, ba yanayi. Haka take a Katsina, haka take a Makka.

To amma rabin gwanintar, a ganina rabi mafi tsada, shi ne sanin inda ƙa'idar ba ta aiki. Ba duk abubuwa biyu masu hawa tare ne suke da wannan dangantaka ba. Gwaji biyu ake yi. Na farko: in x ya zama sifili, y ma sifili ne? Na biyu: in aka raba kowane y da x ɗinsa, lamba ɗaya ce take fitowa? A ce an ba ka jadawali, x yana 2 da 5 da 8, y yana 7 da 17.5 da 28. Raba su bi da bi: 3.5, 3.5, 3.5. Ya ci gwajin. Yanzu ɗauki mai motar ɗaukar kaya da yake karɓar naira 500 na lodi, sannan naira 200 a kowace kilomita. Kilomita 2 naira 900, kilomita 4 naira 1,300. Tafiya ta ninku, kuɗi bai ninku ba. Raba ka gani: 450, sannan 325. Kuɗin lodin nan, da ake biya ko taya ba ta juya ba, shi ya ɓata lissafin. A zanen giraf bambancin a fili yake. Dukansu biyu miƙaƙƙen layi suke bayarwa, amma na sauyin kai-tsaye daga kan sifili yake tashi, daidai mahaɗar layin tsaye da na kwance, na mai mota kuwa daga 500 yake farawa. Tsananin hawan layin kuma shi ne k da ido yake iya gani: in tana da girma layin ya miƙe sama, in ƙarama ce ya kwanta.

Kasuwar ma da ta koya mana darasin tana karya shi in ta ga dama. Farashin sari daban yake da na ɗai-ɗai. Mai sayen turmi 50 na atamfa a Kantin Kwari ba zai biya ninki 50 na kuɗin turmi guda ba. Gyara ma tana shiga, ta ƙara awo ba ta ƙara kuɗi ba. Wani lokaci kuma dangantakar a kife take: in mutum 4 suna nome gona a kwana 6, mutum 8 kwana 3 za su yi, ba 12 ba, shi ya sa ake kiran gayya. Riga ɗaya tana bushewa a awa biyu, riga biyar a igiya guda ma awa biyun ce. Ɗalibin da ya saba cafke lambobi uku ya ninka biyu ya raba da ɗaya ba tare da ya tambayi kansa komai ba, a irin waɗannan wurare yake zubewa.

Zakka ta tara misalan ɓangarorin biyu a wuri guda, kuma na rasa dalilin da ya sa ba a cika kawo ta aji ba. Zakkar kuɗi, in dukiya ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo, ɗaya ce bisa arba'in: naira miliyan 40 ta fitar da miliyan 1, miliyan 80 ta fitar da miliyan 2. Ta amfanin gona, in ya kai nisabi, ɗaya ce bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin ga wanda aka sha wahalar ban ruwa: buhu 60 na damina ya fitar da 6, na ban ruwa ya fitar da 3. Duk sauyin kai-tsaye ne sak, mai k iri uku, sai dai daga nisabi yake farawa. Ƙasa da shi ba a fitar da komai. Zakkar tumaki da awaki kuwa wata hanya ta bi. Mai 40 zai ba da ɗaya. Mai 80 ma ɗaya, mai 120 ma ɗaya, sai an kai 121 ta zama biyu. Wanda ya ɗauko y = kx ya kawo nan ya ce mai 80 ya ba da biyu, lissafinsa bai yi tuntuɓe ba ko kaɗan, amma ya saɓa hukunci, domin ya yi amfani da ƙa'ida a inda ba gidanta ba.

Canjin kuɗi ma yana da darasinsa. Bahaushen Maraɗi ko Damagaram da dala yake ƙirga sefa, kowace dala tamma biyar, don haka dala ashirin sefa 100 ce, dala ɗari sefa 500. Kullum yana ninkawa da biyar a ka, bai ma ɗauke shi lissafi ba. Tsakanin sefa da yuro kuma an ɗaure farashi tun 1999, yuro ɗaya sefa 655.957, wannan k ce da yarjejeniya ta kafe ta. Tsakanin sefa da naira babu wannan turke. Ɗan canji a Wapa yana aiki da y = kx ɗin nan dai, sai dai k ɗinsa ta safe ba lallai ta kai yamma ba, kuma ta saye daban, ta sayarwa daban. Ƙwarewarsa ba a ninkawa kaɗai take ba, har da sanin wace k ce take raye a wannan sa'a.

Mataki na gaba, wanda jarrabawa take son gwadawa, shi ne inda y yake bin x ninki kansa. Fili mai ƙafa 50 tsawo da 50 faɗi, da fili mai 100 da 100: gefe ya ninku sau biyu, amma filin ya ninku sau huɗu, 2,500 a nan, 10,000 a can. Katangar da za ta zagaye shi ninki biyu ce kawai, tayil ɗin da zai rufe shi kuwa ninki huɗu. Mai sayen fili da bai san wannan ba yana iya ganin an tsawwala masa alhali an yi masa rangwame. A rubuce y = kx² ne, kuma matakan ba su sauya ba. In y = 12 a lokacin da x = 2, to 12 = k × 4, k ta zama 3; idan x = 5, y ya zama 3 × 25, wato 75. Abin kula guda ne: a ninka x da kansa kafin k ta taɓa shi.

Ina da ƙorafi a kan yadda ake koyar da wannan darasi a wurare da yawa. Ana fara wa yara da ninkawa a gicciye, wannan ya haye can, wancan ya hayo nan, ba a gaya musu dalili ba. Dabarar tana ba da amsa, amma tana ɓoye k, ita kuwa k ita ce ma'anar abin. Yarinyar da take sayar da ƙosai uku naira ɗari ta shigo aji da rabin darasin a kanta. Hakkinta ne malam ya fara daga ƙosan, ya bar ta ta faɗi kuɗin goma sha biyu da bakinta, sannan ya nuna mata cewa abin da ta yi yanzun nan shi ake rubutawa da x da y. In aka yi haka, haruffan ba za su zame mata baƙi ba.

Masana kimiyya sun gina abubuwa da yawa a kan wannan 'yar ƙa'ida, kuma su ne suka fi kowa kula da iyakarta. A 1678 Robert Hooke na Ingila ya wallafa cewa sifirin yana miƙewa gwargwadon nauyin da aka rataya masa. Sikelin rataye da mahauta da masu sayen tsohon ƙarfe suke amfani da shi a kan wannan yake aiki: in kilo 5 ya ja sifirin santimita 2, kilo 12 zai ja shi 4.8, shi ya sa tazarar zanen da ke jikin sikelin take daidai wa daida. Amma a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, sifirin ya saki, ba zai koma yadda yake ba, kuma daga ranar duk awon da ya yi ƙarya ne.

A gona ma kuskuren gwargwado ba a takarda yake tsayawa ba. A ce takardar jikin kwalbar maganin ciyawa ta ce a zuba mililita 200 a ruwa lita 20, manomi kuma injin feshinsa na goyo lita 16 yake ci. In ya zuba 200 ɗin yadda ya gani a rubuce, maganin ya yi kauri da kashi ɗaya bisa huɗu, ga asarar kuɗi, ga haɗarin ƙona shuka. In ya rage da ka ya zuba rabi, ciyawa ta sha ta miƙe. Lissafin kuwa gajere ne: 200 a raba da 20, mililita 10 a kowace lita, sau 16, mililita 160. In gonar tana cin goyo 9, zai tanadi mililita 1,440, ke nan kwalbar lita ɗaya ba za ta kai shi ba, sai ya sayi biyu tun kafin ya baro kasuwa.